Sirrin Buɗaɗɗen Hannu: Abin da Masu Binciken Jini Suka Gano Game da Karamci da Rowa

Tun zamanin da mutane suka fara lura da halayen juna akwai wata mas'ala da ba ta gushe tana ɗaure wa masu hankali kai ba, watau dalilin da ya sa za a sami 'ya'ya biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka ci tuwo a akushi ɗaya, suka ɗauki karatu a gaban malami ɗaya, amma da girma ya zo sai ɗaya ya tashi da buɗaɗɗen hannu, ba ya iya ganin mabukaci ya kau da kai, ɗayan kuwa ya zama marowaci wanda ko sisin kwabo ya fita daga aljihunsa sai ya kwana yana lissafi. Likitocin dauri, tun daga Jalinusu na Yunanawa har zuwa Ibnu Sina wanda ya rasu a 1037, sun jingina bambancin ɗabi'u ga ruwaye huɗu da suka ce suna gudana a jikin ɗan Adam, jini da balgamu da safra'u da sauda'u, suna ganin duk wanda ya rinjayi sauran shi ne zai rina halin mai shi. Wannan nazari ya faɗi, amma tambayar da ta haife shi tana nan daram. A 1902 wasu malamai biyu na birnin Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka tabbatar da cewa jiki yana da 'yan aike na sinadari, waɗanda wata gaɓa ke zubawa cikin jini, jini ya kai su ga wata gaɓa ta nesa da umurni. Su ne ake kira homon, kuma a kansu ne tsohuwar mas'alar ta sake tasowa cikin sabuwar riga.

Wanda ya fi shahara a wannan babi shi ne oksitosin, kuma tarihinsa daga ɗakin haihuwa ya faro. A 1906 Henry Dale, Baturen Ingila, ya lura cewa ruwan da aka tatso daga wani ɗan ƙulli da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa yana sa mahaifa ta tsuke. Bayan 'yan shekaru aka gane shi ne kuma ke sa nono ya zubo idan jariri ya kama mama, har wani lokaci da jin kukansa kaɗai. A 1953 Vincent du Vigneaud na Jami'ar Cornell a Amurka ya warware tsarinsa, ya haɗa irinsa a ɗakin gwaji, abin da ya jawo masa lambar Nobel a 1955. Duk macen da aka taɓa sa wa ruwan naƙuda a asibiti, ko aka yi mata allurar tsayar da jini bayan ta sauka, ta san wannan sinadari a jikinta ko da ba ta taɓa jin sunansa ba. Daga bisani masu nazarin dabbobi, irin su Sue Carter da Thomas Insel, suka nuna cewa a wani jinsin ɓerayen daji na Amurka, waɗanda namiji da mace ke zama tare su yi renon 'ya'ya, wannan sinadari da wani ɗan'uwansa suna da hannu wajen ƙulla shaƙuwar. Daga nan tunani ya tafi: abin da ke ɗaure uwa da ɗanta, la'alla shi ne ke ɗaure mutum da maƙwabcinsa.

A 2005 aka kai wannan tunani ga tajriba a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, a ƙarƙashin Ernst Fehr da Michael Kosfeld da abokan aikinsu. An tara ɗalibai maza, aka fesa wa wasu oksitosin a hanci, wasu kuma aka fesa musu ruwan da babu magani a cikinsa, ba tare da kowa ya san wanne ya shaƙa ba. Sa'an nan aka ba kowa kuɗi, aka ce yana iya aika wa wani baƙo da ba ya gani duk abin da ya so daga ciki. Abin da ya aika za a ninka shi sau uku, baƙon kuwa yana da ikon ya mayar masa da rabo ko ya haɗiye duka. Daga mutum 29 da suka shaƙi oksitosin, 13 suka aika da dukan abin da ke hannunsu, alhali daga 29 da suka shaƙi ruwan banza 6 kaɗai suka yi haka. Mujallar Nature ta buga wannan, duniya ta ɗauka.

Shekara biyu bayan haka Paul Zak, malamin tattalin arziki a Claremont ta jihar Kalifoniya, wanda yana cikin masu aikin Zurik, ya juya akalar zuwa ga kyauta ita kanta, kuma a nan ya kamata mai karatu ya nutsu, domin a cikin tafsilin wannan gwaji ne hakikar al'amarin take. An tara maza 68, aka ba mutum dala 10 aka ce ya raba da wani baƙo, amma ta hanya biyu. A hanya ta farko, baƙon yana da ikon ƙin karɓa idan ya ga an raina shi, kuma in ya ƙi, dukansu biyu sun tashi a tutar babu. A hanya ta biyu baƙon ba shi da ta cewa. Abin da aka miƙa masa shi ne rabonsa, ko da ba a miƙa kome ba. Sakamakon da jaridu suka yayata shi ne cewa oksitosin ya ƙara karamci da kashi 80 cikin ɗari, kuma lalle haka aka rubuta. Sai dai wannan ƙari a hanya ta farko kaɗai ya bayyana, kuma in aka mayar da shi kuɗi a hannu bambancin bai cika dala ɗaya ba. A hanya ta biyu kuwa ba a ga wani bambanci tsakanin wanda ya shaƙa da wanda bai shaƙa ba. To, wace ce daga cikin hanyoyin nan biyu ta fi kama da sadaka? Babu shakka ta biyun ce, domin miskinin da ke zaune a ƙofar masallaci ba shi da ikon hukunta wanda ya wuce shi. Abin da sinadarin ya ƙara, in har ya ƙara wani abu, shi ne kula da abin da ɗaya mutumin zai ji a ransa a lokacin da jin nasa yake da tasiri a kanka. Wannan kuwa ya fi kusa da iya mu'amala bisa ga ihsani tsantsa.

Duk da haka akwai alamun da ba su cancanci a yi watsi da su ba. A 2009 Zak da ɗalibinsa Jorge Barraza suka nuna wa mutane ɗan gajeren fim na wani uba yana bayanin ɗansa ƙarami mai ciwon daji a ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka nuna musu uban da yaron suna yawo a gidan namun daji ba tare da an ambaci ciwo ba. Waɗanda labarin ya taɓa zuciyarsu aka ruwaito oksitosin ya ƙaru a jininsu, hannunsu kuma ya fi sakuwa daga baya. A dajin Budongo na ƙasar Yuganda kuwa, Roman Wittig da Catherine Crockford sun bi birai masu kama da mutane suna tara fitsarinsu, suka buga a 2014 cewa oksitosin yana hawa bayan biri ya raba abinci da wani, a jikin mai bayarwa da mai karɓa baki ɗaya, ko da babu dangantakar jini tsakaninsu, har ya zarce wanda ake samu bayan sun yi wa juna susa. Wannan bincike na daji ya fi kwanta mini a rai bisa ga na feshin hanci, saboda ba a cusa wa dabbar kome ba, kuma yana nuni da cewa bayarwa ita ma tana haifar da sinadarin, ba shi kaɗai ke haifar da ita ba. Amma Zak ya yi nisa fiye da inda hujja ta tsaya, har a 2012 ya fitar da littafi da ya ɗora kyawawan ɗabi'u kacokan a kan wannan ƙwaya guda, 'yan kasuwa kuma suka shiga sayar da feshi da sunan maganin samun amincewar mutane.

Tun kafin fitowar wannan littafi wata fuska ta bayyana daga Jami'ar Amsterdam. Carsten De Dreu ya raba mutane ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowa kuɗi, ya gano a 2010 cewa waɗanda suka shaƙi oksitosin sun fi sadaukar da rabonsu domin 'yan ƙungiyarsu, sun kuma fi saurin ɗaura ɗamarar kare su idan suka ji tsoron ɗaya ƙungiyar. A 2011 ya gabatar wa 'yan Holan irin mas'alolin nan na tilas, inda ba makawa sai an sadaukar da mutum ɗaya don a ceci biyar. Da sinadarin ya shiga, sai suka ƙara jin nauyin sadaukar da mai suna irin nasu, amma ba su ƙara jin nauyin mai sunan Larabawa ko na Jamusawa ba. A Jami'ar Haifa ma an ruwaito a 2009 cewa yana iya ƙara hassada da murnar faɗuwar abokin takara. Wanda ya karanta Muƙaddima ta Ibnu Haldun ba zai yi mamaki ba, domin abin da ya kira asabiyya, watau ƙaunar dangi da ke sa mutum ya ba da dukiyarsa da ransa saboda nasa, ita ce dai ke sa ya ga na waje bare ne. Oksitosin ruwan sama ne: abin da aka shuka a gona shi yake tsirarwa, gero ne ko ƙaya.

Labarin testosteron, sinadarin mazakuta, ya fi wannan ban sha'awa, kuma a ganina ya fi shi darasi. An daɗe ana jingina masa faɗa da son kai, kuma gwajin da Zak ya yi a 2009 da maza 25 ya ƙarfafa wannan zato, tun da waɗanda aka shafa wa shi sun rage kyauta da kashi 27 cikin ɗari. Amma a 2010 Christoph Eisenegger da Fehr, a Zurik ɗin dai, suka gwada shi a kan mata 121 cikin wasan nan na karɓa ko ƙi, sai aka sami akasin haka: waɗanda aka ɗiga wa testosteron na gaskiya a ƙarƙashin harshe sun fi yin rabon adalci. Da aka gama sai aka tambayi kowace mace abin da take zaton an ba ta, kuma a nan ne abin al'ajabi ya fito, domin waɗanda suka yi imani cewa testosteron suka sha, ko da a hakika ruwan banza ne, su ne suka fi kowa ƙwauron hannu. Ashe mummunan sunan da aka yi wa sinadarin ya fi sinadarin kansa ɓata hali. Mutum ya ji an ce abu kaza yana sa rowa, ya zaci yana jikinsa, sai ya sami uzurin da nafsu take nema tun da farko. Ina ganin wannan shi ne babban haɗarin da ke cikin yaɗa irin waɗannan labarai ba da ilmi ba, domin ranar da marowaci ya sami damar cewa haka jininsa yake, ranar ce wa'azi ya daina shiga kunnensa.

Fassarar da Eisenegger ya bayar ita ce testosteron neman girma yake zugawa, kuma hanyar girma tana sauyawa gwargwadon wuri: inda ƙarfi ke jawo daraja sai ya tura mutum ga ƙarfi, inda kyauta ke jawo ta sai ya tura shi ga kyauta. A 2020 Yin Wu da abokan aikinsa a ƙasar Sin suka auna wannan kai tsaye, suka sa maza su ba da gudummawa ga wata ƙungiyar agaji, wani lokaci a keɓe, wani lokaci ana kallonsu. Testosteron ya ƙara bayarwa ne a gaban mai kallo. Malamanmu sun rigaya sun sa wa wannan cuta suna, riya, sun kuma yi dogon bahasi a kan yadda take ɓuya cikin aikin alheri har mai ita ya kasa gane ta. Mu ma da muka saba da taron biki inda sanƙira ke shelar abin da wane ya bayar, da taron kafa gidauniya inda ake kiran adadi a lasifika, mun san yadda hannun da ya ƙi buɗuwa a zaure yake buɗuwa a dandali. Ba na nufin duk kyautar fili riya ce, domin niyya aikin zuciya ce, kuma babu allurar da ke auna ta. Malamai sun halatta bayyana sadaka, musamman in za ta zama abin koyi, ko da yake sun fifita ɓoyewa.

Kotisol, sinadarin da ke hawa a lokacin firgici da matsi, shi ma an duba shi. A birnin Dusseldorf na Jamus an nuna a 2015 cewa mazan da aka jefa cikin damuwa sun ƙara kyauta ga na kusa da su, ba su ƙara wa na nesa ba. Da'irar dai ita ce ta dangi da aminai.

Sa'an nan sai ranar hisabi ta zo wa binciken kansa. Masana suka fara ƙorafin cewa yawancin gwaje-gwajen nan an yi su ne da mutane ƙalilan, galibi samari ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka, kuma ƙaramin adadi yana iya nuna abin da sa'a ce kawai ta kawo shi. Gareth Leng da Mike Ludwig na Jami'ar Edinbara suka rubuta a 2016 cewa ɗan kaɗan ne ƙwarai daga abin da ake fesawa a hanci yake isa ƙwaƙwalwa. Wasu kuma suka nuna cewa hanyar da aka riƙa bi wajen auna oksitosin a jini tana da rauni. A 2020 Carolyn Declerck ta Jami'ar Antwerp a Beljiyam ta maimaita gwajin Zurik da maza 677, bayan an rubuta tsarin aikin an ajiye tun kafin a fara don kada a karkatar da lissafi, kuma ba a sami ƙarin amincewar da aka ruwaito a 2005 ba. Abin da ya cancanci yabo a nan shi ne Ernst Fehr, wanda sunansa ke kan binciken farko, yana cikin waɗanda suka sa hannu a kan na biyun da ya raunana shi. Wannan ita ce amanar ilmi, kuma ba kowane malami ke iya ta ba. Don haka duk adadin da aka ambata a sama ya kamata a riƙe shi a matsayin ishara, kada a ɗauke shi burhani yankakke.

Daga cikin isharorin akwai ɗaya da na fi so a tsaya a kanta. A 2015 Jamus ta karɓi masu neman mafaka kusan 890,000, da yawansu daga Siriya, al'umma kuma ta rabu a kan al'amarinsu. A Jami'ar Bon, Nina Marsh da René Hurlemann suka ba ɗalibai Yuro 50, suka gabatar musu da taƙaitattun labaran mabukata 50, rabi 'yan ƙasa rabi 'yan gudun hijira, kowa ya ba da abin da ya ga dama ya riƙe saura. A sakamakon da aka buga a 2017, oksitosin ya ƙara kyautar waɗanda dama zuciyarsu a buɗe take ga baƙi, amma bai motsa masu ƙyamar baƙi ba. Nuna musu abin da takwarorinsu suka bayar, shi kaɗai, shi ma bai motsa su ba. Sai da aka haɗa biyun, sinadari da misalin jama'a, sa'an nan masu ƙyamar suka ƙara abin da suke ba 'yan gudun hijira da kashi 74 cikin ɗari. Jiki yana iya tausasa mutum, amma wanda zai nuna masa inda zai kai wannan taushi, har ya ƙetare iyakar dangi ya isa ga bare, tarbiyya ce da abin da ya ga mutanen kirki suna yi a gabansa.

Ƙungiyoyin agaji na zamani sun fahimci rabin wannan darasi, shi ya sa suke gabatar da hoton yaro guda mai suna da hawaye maimakon lissafin dubbai, kuma ba na zarginsu, tun da yunwa ba ta jira. Damuwata ita ce kyautar da aka gina a kan motsin zuciya tana bin wanda labarinsa ya fi daɗin bayarwa, ta manta da wanda kunya ta hana shi roƙo, da tsohon da ba shi da mai ɗaukar hotonsa, da wanda yarensa da kamanninsa ba irin namu ba ne. Shari'a ba ta bar haƙƙin matalauci a hannun wannan motsi mai hawa da sauka ba: ta sa nisabi, ta sa cikar shekara, ta yanke ɗaya bisa arba'in a kuɗi da kayan ciniki, ta lissafa sinfi takwas na masu karɓa, a cikinsu har da matafiyin da guzuri ya yanke masa, wanda ba ɗan gari ba ne balle dangi. Mai dukiya zai fitar ko ya ji tausayi a ranar ko bai ji ba.

Mai yiwuwa wani ya ce bayarwar tilas ba ta da daɗi a rai. A 2007 William Harbaugh da Ulrich Mayr na Jami'ar Oregon suka sa mata 19 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka ba kowace dala 100, wani lokaci a cire wani abu daga ciki a kai wa rumbun ciyar da matalauta ba da shawararta ba, tamkar haraji, wani lokaci kuma a bar ta ta zaɓa. Sassan ƙwaƙwalwa da ke motsi idan mutum ya sami abin da yake so sun motsa a hali biyun, ko da yake sun fi motsi a lokacin zaɓi. Wannan ya yi daidai da maganin da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara wa marowaci a Ihya'u Ulumid Dini, inda ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyuwa, yana mai kafa hujja da cewa in da haka ne da wasiyya da wa'azi da ladabtarwa duk sun zama banza. A wurinsa marowaci zai fara ne da tilasta wa kansa bayarwa yana jin nauyinta, ya dawwama a kan haka har nauyin ya ragu, har bayarwa ta zama ɗabi'a da yake jin daɗinta. In kuwa ya ga ya zarce ya faɗa almubazzaranci, sai ya ja hannu kaɗan har ya daidaita a tsakiya.